A-KORI-KURA TA TAFI, KURA TANA NAN

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, maganar mota ce. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, mu ina ruwanmu da mota, ai wannan hirar maza ce a bakin shago. To 'yar uwa, dakata tukuna. Ranar da za a kai kayan ɗakin 'yarki, ko ranar da maigida ya shigo ya ce mai gidan haya ya ba da wa'adi a tashi, ranar za ki gane da ruwanki har da tsakinki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya same mu a bikin autarmu. Gidanmu a Koki yake, cikin lungu, gidan ango kuma can Rijiyar Zaki. Ranar jere tun da aka idar da sallar asuba Umma ta tashi yayanmu, ta ce maza ya je ya samo a-kori-kura kafin rana ta yi. Bawan Allah bai dawo ba sai da aka kira azahar, gumi sharkaf. Ya ce ya samu guda ɗaya, amma tun jiya wasu suka kama ta. Ya samu ta biyu a garejin bakanike, an ɗora ta a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya. Ƙarshe dai kurkura uku ya ɗauko, baburan nan masu ƙafa uku na ɗaukar kaya. Aka yi lodi, aka ɗaure da igiya, aka kama hanya. Ba su yi nisa ba ɗaya ta faɗa rami ta karkace. Madubin sif ya tsage gida biyu, ƙafar gado ta ɓalle, kwalin tangaran kuwa da aka buɗe sai tsintar gutsattsari.

Shekara 4 Umma ta yi tana zubin adashi saboda kayan nan. A gaban mutane ba ta ce komai ba illa, "Allah ya sa iyakar asarar ke nan." Sai da dare, bayan kowa ya watse, na ji tana ce wa Kaka, "Hajiya, kin tuna nawa jeren? Fijo ɗaya ta kwashe komai, sawu ɗaya, ko cokali bai lanƙwashe ba." Kaka ta yi dariya ta ce, "Ke nan 'yar gata. Ni nawa a ka aka kai shi, mata sun yi layi ana guɗa tun daga ƙofar gida." Ina kwance ina jin su, sai na ce a raina, mata uku a gida ɗaya, kowacce da abin da ya ɗauki kayanta: ɗaya kai, ɗaya fijo, ɗaya kurkura. Me ya kawo motar nan, me kuma ya tafi da ita?

Mu fara da sunan. Kura dai kin san ta, ba ta daji ba, amalanken nan da ake turawa da hannu, wanda 'yan ga-ruwa ke jera jarkoki a ciki, 'yan dako kuma su loda buhuna. Da ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya ta shigo gari, ta riƙa kwashe cikin minti kaɗan abin da mai kura zai wuni yana turawa, sai Bahaushe ya raɗa mata suna a-kori-kura. Wato ga wadda ta zo ta kori amalanke daga titi. Riƙe wannan sunan a ranki, za mu dawo kansa.

ZAMANIN KAI DA JAKI

Birnin Kano ba don mota aka tsara shi ba. Kasuwar Kurmi da ke maƙwabtaka da mu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lungunan da suka kewaye ta, na Koki da na sauran unguwanni, faɗinsu daidai wucewar mutum ne da kaya a ka, ko jaki da mangala. Shi ya sa har yau duk tsadar motar da aka ɗauko miki, a bakin titi za ta tsaya, sauran tafiyar ta ɗan dako ce.

Mu mutanen Koki kuwa ba baƙin ɗaukar kaya ba ne, don unguwar fatake ce. A nan Sarari gidan Alhaji Alhassan Dantata yake, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955. Da fataucin goro ya fara. A wancan lokaci ayari kan tashi daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, da madugu a gaba, da jakuna da 'yan alaro a baya, a kai tufafi da kanwa da fatu, a dawo da goro. Tafiyar watanni ce, wani ya tafi matarsa na da ƙaramin ciki, ya dawo ya tarar an yi suna.

A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 aka buɗe shi sosai, sai cinikin gyaɗa ya buɗe. Amma jirgin ƙasa ba ya shiga ƙauye. Jakuna da raƙuma su ne suka riƙa kwaso gyaɗa daga gonaki zuwa bakin tasha, ƙarti kuma su ɗauki buhu a ka su hau da shi har ƙololuwar dalar gyaɗa. Kai, ko kuɗi ma a bayan dabba ake ɗaukar su. Sananne ne cewa a 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka kai wa Alhassan Dantata kuɗinsa na azurfa ajiya. Daga baya manyan motoci masu bodin katako suka karɓi aikin doguwar tafiya, 'ya'yansa ma irin su Alhaji Sanusi Dantata suka shiga harkar sufuri. To amma babbar mota ta tsakanin gari da gari ce. A cikin gari, daga kasuwa zuwa gida, aikin na kura ne da jaki da kan ɗan Adam. Wannan shi ne zamanin auren Kaka. Kayan ma ba su da yawa: gado, tabarmi, tasoshi, ƙore, kwalla, tukwane, sai akwati.

ZAMANIN FIJO

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ce maimakon a riƙa sayo mota daga waje, a kira masu ƙera ta su zo su haɗa a nan. A 1975 kamfanin Peugeot na Faransa ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Daga baya aka samu na manyan motoci: Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu, mu ma nan Kano aka kafa na Fiat a hanyar Zariya. A daidai wannan lokaci aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, kuɗi ya wadata a hannun mutane.

Daga Kaduna fijo ta bazu ko'ina, 404 da 504, ta shiga da ta kaya. Ta kayan ita ce a-kori-kurar da iyayenmu ke bege. Mutum biyu ko uku a gaba, bayanta fili, wata da ƙarafan rumfa a lulluɓe da tamfol. Tana ɗaukar kusan tan ɗaya, wato kamar buhun siminti 20. Abin da ya sa ta dace da mu abu uku ne. Na farko, bayanta ba shi da tsayi daga ƙasa, mutum biyu sa ɗaga sif su ɗora ba tare da wahala ba. Na biyu, ba ta da faɗi, duk titin da ƙaramar mota za ta bi ita ma ta bi. Na uku, injinta ba shi da sarƙaƙiya, kowane bakanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan gyaranta kuma ga su nan a Ƙofar Ruwa. Akwai 'yan uwanta na Japan, Datsun da Toyota Hilux ta farko, su ma a lokacin ƙanana ne. Manomi ya saya, ɗan kasuwa ya saya, mai gidan burodi ya saya. Direba ya tara kuɗi ya sayi ta hannu, ya tsaya a bakin kasuwa yana jiran lodi. Wannan shi ne zamanin auren Umma, lokacin gadon fomeka da kabet cike da kwalla da samira.

Sai dai akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Motar nan haɗa ta ake yi a Kaduna, ba ƙera ta ba. Inji da giya da yawancin sassanta daga Faransa suke zuwa. Har ma shekaru aka yi ana kwaso su ta jirgin sama daga birnin Liyon, a sauke a filin jirgin saman Kano, a ɗora a tirela zuwa Kaduna. Kin ga ke nan sassan motar ta saman kanmu suke wucewa. Duk wannan da kuɗin waje ake biya. Muddin naira na da ƙarfi, komai lafiya. A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba.

YADDA TA FARA ƁACEWA

Farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya. A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, samun izinin shigo da kaya ya zama aiki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin nan na SAP, aka saki naira, kafin shekarar ta ƙare dala ɗaya ta kai wajen naira 4. Daga nan ba ta sake waiwayowa ba, har a 2024 ta haura naira 1,500. Sassan da ake kwasowa daga Faransa suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa. Kamfanonin haɗa motoci suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Na Kaduna ya fi sauran juriya, don gwamnati na sayen motocinsa, amma shi ma wajen 2006 ya daina fitar da 504. Tun daga ranar, duk fijon da ta mutu ba ta da magajiya. Waɗanda suka rage aka yi ta yi musu faci, a cire na wannan a sa wa waccan, har 'yan gwangwan suka auna sauran a sikeli.

Da sabuwa ta gagara, sai aka koma gwanjo. Daga shekarun 1990 motocin da Turawa suka gama hawa suka riƙa sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Nijar, ta Maraɗi, su shigo ta iyakar Katsina. Su ne muke kira 'yan Kwatano ko Baljiyam. To a nan gizo ke saƙar. Mai sayen gwanjo ba shi da zaɓi, abin da mai shi ya tuɓe shi zai samu. Ke da kanki kin sani, in kin je Ƙofar Wambai neman rigar yaro, abin da ya fito daga dila shi za ki zaɓa a ciki. Haka mota. Mutanen Turai ba su cika amfani da mota mai buɗaɗɗen baya ba, saboda ruwa da sanyi da dusar ƙanƙara. Mai aikin famfo da mai kai burodi a can rufaffiyar mota suke hawa. Shi ya sa abin da ya cika mana tituna shi ne J5 mai ɗaukar tumatir da albasa, da hayis, da Sharon, da Golf mai dogon baya. A-kori-kura kuwa sai jefi-jefi.

Wata za ta ce, to Amurka fa, ba can ne gidan irin waɗannan motoci ba? Haka ne, amma nasu ƙatti ne, kuma dalilin zai ba ki dariya, don kaji ne suka jawo. A farkon shekarun 1960 ƙasashen Turai suka sa wa kajin Amurka haraji mai nauyi. Don ramuwa, a 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa harajin kashi 25 cikin 100 a kan ƙananan motocin kaya da ake shigarwa Amurka daga waje. Har yau sunansa harajin kaji. Wannan ya toshe wa ƙananan a-kori-kura na wasu ƙasashe hanya. Daga baya kuma dokar shan mai ta can ta zo da sassauci ga mota mai faɗi da tsawo, ga shi babbar ta fi kawo riba. Sai kamfanoni suka yi ta kumbura motocinsu. Ford ya daina yin ƙaramar Ranger a Amurka a 2011, da ya dawo da ita a 2019 ta zama babba. A Afirka ta Kudu, inda ƙaramar Nissan 1400 ta yi zamani har 2008, magajiyarta NP200 ita ma an daina ta a 2024. Kin ga ashe ba a Kano kaɗai ta yi wuya ba, masu ƙera ta ne suka juya mata baya.

Dubi Hilux ma. Tun 1968 ake yin ta, kuma da farko 'yar madaidaiciya ce ta manomi. Ta yau ƙofa huɗu gare ta, da kujerun alfarma da na'urar sanyaya ciki, bayanta ya gajarce ya kuma yi tsayi. Ta zama motar gwamnati da jami'an tsaro da manyan kamfanoni da 'yan siyasa. Kuɗinta kuɗin gida ne sukutum. Wa zai sayi wannan ya tsaya da ita a bakin Kurmi yana jiran a ba shi dakon katifa?

Ga kuma matakan gwamnati. A 2013 aka fito da tsarin da ya ɗaga harajin shigo da motoci don a farfaɗo da masu haɗawa a gida. A watan Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 aka rufe iyakokin gaba ɗaya. Kowane mataki da niyyarsa, amma ga direban da ke tara kuɗin sayen tsohuwar motar dako, duk ƙarin nisa ne. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, cikinsu har da wata a-kori-kura mai suna Landtrek. Ikon Allah, Alhaji Aliko Dangote tattaɓa-kunnen Alhassan Dantata ne ta wajen uwa, ka ce abin ya zagayo gida. Sai dai ita ma sahun Hilux take bi, ba sahun tsohuwar fijon Umma ba.

TO YANZU DA ME ZA A ƊAUKI KAYA?

Tunda kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Bari in jera miki abin da ya rage mana, kowanne da amfaninsa da aibinsa.

Kurkura ita ce ta gaje wurin. Tarihinta haɗe yake da na A Daidaita Sahu, wadda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo a 2005 don mu mata mu huta da hawa acaɓa. Da aka hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, sai masu ƙafa uku suka mamaye gari, na mutane da na kaya. Kurkura ba ta shan mai da yawa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Tana kutsawa inda mota ba ta shiga. Ga buhun shinkafa, katan ɗin taliya daga Singa, jarkar mai, robobi, ba ta da na biyu. Amma ƙafa uku ba huɗu ba ce. In kaya ya yi tsayi, kwana kaɗan ko rami ɗaya sai ta kife, kuma tana da jijjiga. Duk abin da ke fashewa ko mai tsawo, kamar sif da madubi da firij, kada ki yarda a ɗora mata. Mu mun gani a kanmu.

Sai 'yar ƙaramar motar nan ta Japan, Hijet da 'yar uwarta Suzuki Carry. Ita ce ta fi kama da a-kori-kura a siffa, ƙafa huɗu, baya a shimfiɗe, gefe yana buɗewa. Ta fi kurkura natsuwa nesa ba kusa ba. Sai dai a ƙasarsu kilo 350 aka ƙayyade mata, buhun siminti 7 ke nan, mu kuwa nan sai a yi mata lodin da ya ninka haka. Kuma da sitiyari a dama take zuwa, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka sai an juya mata sitiyari zuwa hagu, kyan aikin kuma ya danganta da hannun da ya yi shi. Ga kujeru da gado in an kwance shi, ta wadatar, ko da za a yi sawu biyu.

Kanta ita ce babbar yaya. Takan ɗauki wajen tan 3, kayan gida guda a sawu ɗaya. In tashi za ku yi daga unguwa zuwa unguwa, ko za a kai amarya wani gari, ita ce daidai. Aibinta tsada, ga shi ba ta matsowa kusa. A unguwa irin tamu can bakin babban titi za ta tsaya, sai kin sake biyan masu fito da kaya daga lungu. In kayan kaɗan ne, asarar kuɗi ce.

Hayis da J5 da Sharon, waɗanda ake cire wa kujeru, amfaninsu rufi. Da damina, ko in kayan na sutura ne da akwatunan lefe da ba a so ido ya gani, sun fi kowa. Amma rufin nan shi ne kuma cikas, don sif ba ya shiga a tsaye, in aka kwantar da shi aka ɗora wani abu a kai, sai ya buɗe a gaɓa. A Daidaita Sahu kuwa ta mutane ce, amma ita ce ta fi dacewa da tangaran da gilasai, in kin zauna a ciki kin rungume kwalin a cinyarki.

Jaki fa? Allah sarki, shi ma ya yi wuya. Da shi ake kawo yashi da itace da taki har ƙofar gida. Yanzu fatarsa ake nema a Sin don haɗa wani magani, aka yi ta saye ana yankawa, har ta kai a watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana yanka jakuna don fata.

Saura wa? Saura kura da baro da ɗan dako. Ba mai, ba inji, ba kayan gyara daga Faransa. Mai walda na unguwa ya haɗa ƙarfe, kafinta ya buga katako, a sa tsohuwar taya, shi ke nan. Ba ta da sauri, ba ta zuwa nesa, mai turawa kuma da guminsa yake ci, don haka in ya faɗi kuɗinsa a daina yi masa tayin wulaƙanci. Amma daga Kurmi ko Ƙofar Wambai zuwa cikin Koki, har gobe babu abin da ya kai ta. Wadda aka ce a kora tana nan daram, mai korar ce ta tafi.

ABIN DA NA KOYA

Ga shawarata ga duk uwar da ke shirin jere. A kama mota tun ana saura kwana biyu ko uku, ba ranar ba. A kira kafinta ya kwance gado da sif, ya cire madubai, a naɗe su da bargo, wani ya riƙe a hannu a cikin mota. A raba kaya gida uku: masu nauyi, masu tsawo, masu fashewa, kowanne da abin hawansa. A yi ciniki a gama tun kafin a ɗaga ko tsinke, a kuma fayyace ko kuɗin ya haɗa da masu lodi da masu shigarwa lungu. A sa namiji ɗaya na gida ya bi kowace mota. Da damina a tambayi tamfol. Kada a bari sai magariba. Sannan kada a bi araha, don araha ba ta ado. Abin da muka rage a kuɗin mota, mun biya ninkinsa wajen mai gilashi da kafinta.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi, ku yi haƙuri in faɗa. Motar ta ƙanƙance, kayanmu kuma sun ƙaru. Na Kaka kawuna suka ɗauka. Na Umma fijo ɗaya. Na autarmu kurkura uku, kuma sai da aka koma. Yau ana so a ga saitin kujeru biyu, gado biyu, firij, injin wanki, kayan kicin kamar za a buɗe kanti, duk don kada dangin miji su yi magana. Uwa ta ci bashi, uba ya sayar da fili. Kuma mu mata mun sani, motar da ke kai kaya da guɗa, ita ce wani lokaci ke dawo da su da daddare shiru, rabi a karye, a jibge a zaure. Allah ya raba 'ya'yanmu da wannan. Kaka da aka kai nata a ka, a ɗakin ta zauna har mutuwa ta raba ta da Malam.

Ranar da aka gyara madubin, na koma gida na tarar da Kaka a tsakar gida tana gyaran zogale. Na ba ta labarin duk abin da na binciko, tun daga jirgin Liyon har harajin kaji. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Yo ai zanen aro ba ya rufe katara. Motar da ba ku kuka ƙera ba, ran da masu ita suka ga dama ai sai su daina." Tana rufe baki sai ga sallamar mai ruwa, ya jingine kurarsa a ƙofar gida yana tambaya jarka nawa za a zuba.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, ya sa albarka a guminmu da na masu ɗaukar mana kaya. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam. Taku har kullum.